Awo yana cewa lafiya lau, gani kuma yana tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 64. Shekara uku ke nan da aka ce yana da gulukoma, wato hawan jinin ido, aka ɗora shi kan maganin ɗigawa iri biyu, ɗaya safe da yamma, ɗaya lokacin kwanciya. Duk zuwan da muke yi asibiti awon yana fitowa 14 ko 15 ko 16, a ce mana ya yi kyau. Sai ga shi a zuwan ƙarshe, bayan gwajin nan da ake danna maɓalli in an ga ɗan haske, likitansa ya ce ganin idon hagu ya ragu, har yana maganar ko za a yi aiki. A satin muka je canza masa tabarau, aka auna shi da na'ura mai hura iska, ta ba da 21. Tun ranar Baba ya ce ya gaji, ko dai awon ƙarya ne ko maganin na banza ne, yanzu sai ya ga dama yake ɗigawa. Yayana kuma ya ga wata na'ura a intanet da ake auna ido da ita a gida, ya dage sai an saya, wai ta asibitin tsohon yayi ce. Ni nake kai Baba asibiti, don haka ni kowa ke tuhuma. Wane awo za mu yarda da shi, kuma mu sayi na'urar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ba zai jira mu gama bayani ba: Baba ya koma kan maganinsa daga daren yau, yadda aka rubuta masa. Jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa dami ce ta 'yan siraran zaruruwa sama da miliyan ɗaya, kuma duk wanda gulukoma ta kashe a cikinsu ya tafi ke nan, babu magani ko aikin da ke dawo da shi. Maganar na'ura da maganar aiki za su iya jiran mako biyu ko uku. Barin ido ba magani a daidai lokacin da aka ga ciwon yana ci gaba, wannan kam asara ce ta kowace rana.

Sai dai ban ga laifin Baba ba. Mutumin da ya shekara uku ana karanta masa lamba ana cewa madalla, rana ɗaya a ce masa ganinsa ya ragu, dole ya yi zaton akwai mai yi masa ƙarya. In akwai laifi namu ne, mu ma'aikatan ido, da muka sabar wa marasa lafiya da ɗaukar lambar a matsayin ciwon kansa.

Sunan da muke kiran ciwon ma yana ƙara rikita mutane. Ana cewa hawan jinin ido, alhali ba jini ake aunawa ba, ba kuma hawaye ba. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa a bayan baƙin ido, ya zagayo gaba yana ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa, sannan ya tsiyaye ta wata 'yar rariya da ke kewaye da gefen baƙin idon. In rariyar ta fara toshewa sai ruwan ya taru, ido ya ɗau matsi kamar ƙwallon da aka cika wa iska, matsin kuma ya riƙa danne jijiya a can baya. Wannan matsin ake aunawa, da milimita na zaiba, irin ma'aunin da ake auna jini da shi.

Ƙa'idar nan da kowa ya haddace kuwa, cewa lafiyayyen awo 10 zuwa 21 ne, ɗimbin mutane aka auna, aka ga matsakaicinsu yana wajen 15 zuwa 16, mafi yawansu ba sa wuce 21, sai aka ja layi a nan. Jijiya ba ta san da wannan layin ba. A wani babban bincike da aka yi a Baltimore ta Amurka, kusan rabin waɗanda aka samu da gulukoma awonsu na farko bai kai 22 ba. A garin Tajimi na Japan, tara cikin goma na masu ciwon ne awonsu bai wuce 21 ba. Ta ɗaya gefen, binciken da aka fitar a Amurka a 2002 kan mutum 1,636 masu matsi mai yawa amma jijiyarsu lafiya ya nuna cewa cikin waɗanda ba a ba magani ba, kashi 9.5 cikin ɗari ne suka kamu a shekara biyar, cikin waɗanda aka ba kuma kashi 4.4. Wani idon yana ɗauke da 26 shekara da shekaru ko gezau, wani kuma 15 tana cin sa a hankali. Shi ya sa likita ke tsayar wa kowane ido nasa adadin da ake so a kai, ya kuma sake sauko da shi in ya ga jijiyar ba ta huta ba. Binciken da aka yi a Suwidin ya nuna cewa kowane milimita ɗaya da aka rage yana rage haɗarin ci gaban ciwon da kusan kashi goma cikin ɗari, don haka tsakanin 15 da 12 akwai tazara mai yawa.

To in ganin Baba yana raguwa a kan 15, ko dai 15 ɗin ta yi wa jijiyarsa yawa, ko dai matsin na gaskiya ya fi 15 ma'auni ne ke ragewa, ko kuma 15 ce da gaske amma a sa'ar da ake auna shi kawai. Sababbin na'urorin da yayanki ke magana an ƙera su ne saboda biyun ƙarshe.

Mu ɗauki maganar ma'auni. Babu na'urar asibiti da ke shiga cikin ido ta auna ruwan kai tsaye. Duk ta waje suke dannawa, ta kan tantanin nan mai kama da gilashi da ke rufe da baƙin ido, wanda likitoci ke ce wa koniya. Kamar ki danna ƙwallo da yatsa ne don ki ji yawan iskar da ke ciki: in fatar ƙwallon mai kauri ce za ki ji ta da tauri ko da iskar kaɗan ce, in siririya ce za ki ji ta da taushi ko da ta cika. Na'urar da aka fi amfani da ita a asibitin ido, wadda ake ɗiga maganin kashe zafi da wani rini mai ruwan ɗorawa, a kunna shuɗin haske, wani ɗan kan roba ya taɓa ido, Hans Goldmann ne ya ƙirƙiro ta a birnin Bern na Suwizalan cikin shekarun 1950. Tana auna ƙarfin da ake buƙata a baje wani ɗan da'ira mai faɗin milimita 3.06 a kan tantanin. Yayanki ya yi gaskiya, tsohuwa ce, ta kai shekara saba'in. Amma mafi yawan alƙaluman da na kawo miki a sama da irinta aka samo su, kuma duk sabuwar na'urar da ta fito, da ita ake gwada ta kafin a yarda da ita. Ba a yi mata ritaya ba tukuna.

Rauninta shi ne kaurin tantanin. Matsakaicin kaurinsa yana wajen maikiron 540, wato ɗan sama da rabin milimita. Mai siririn tantani, na'urar tana ba shi lamba ƙasa da gaskiya; mai kauri tana ba shi sama da gaskiya. Binciken 2002 ɗin can na Amurka ne ya farkar da likitoci a kan wannan, don ya nuna masu siririn tantani sun fi saurin kamuwa. Baƙar fata kuma a jimlace tantaninsu ya fi na Turawa siranta, ga shi ciwon ya fi kama su da wuri. Haka wanda aka taɓa yi wa aikin leza na rabuwa da tabarau, an kankare masa tantanin, awonsa zai riƙa fitowa ƙasa har ƙarshen rayuwarsa. Auna kaurin ba ya cin minti biyu, sau ɗaya ake yi, kuma ki tambaya ko an taɓa yi wa Baba. In aka ce nasa 490 ne, kin san 15 ɗinsa ba irin 15 ɗin kowa ba ce. Akwai jadawalin da ake ƙara ko rage lamba da shi gwargwadon kauri. Ni ban cika dogara da shi ba, ya ishe ni in san siriri ne, matsakaici ne, ko mai kauri.

Lamba 21 da ta tayar muku da hankali daga na'ura mai hura iska ta fito, wadda ita ma ba sabuwa ba ce, tun 1972 take. Amfaninta shi ne ba ta taɓa ido, ba a buƙatar ɗiga komai, don haka ta dace da tantance jama'a da yawa cikin sauri. Amma mutum yana jiran busar iskar nan yana matse ido, yana riƙe numfashi, kuma duka biyun suna ɗaga awo. Ko matsattsen wuyan riga yana iya ƙara wani abu. Bambancin maki biyu ko uku tsakanin na'ura da na'ura abu ne da aka saba gani. Duk da haka kada ki jefar da 21 ɗin. Ki tuna da ƙarfe nawa aka yi awon, da kuma ko ya ɗiga magani a ranar, ki faɗa wa likitansa. Mai yiwuwa kuskuren na'ura ne, mai yiwuwa kuma ita kaɗai ce ta kama idon a sa'ar da ba a taɓa auna shi ba.

Cikin shekara ashirin da suka wuce an fito da na'urorin da ke ƙoƙarin cire tantanin daga lissafi. Ɗaya ita ce Ocular Response Analyzer ta kamfanin Reichert na Amurka, da ta shigo a 2005. Ita ma iska take hurawa, amma tana karanta tantanin sau biyu, lokacin da yake lotsawa ciki da lokacin da yake dawowa. Tazarar da ke tsakanin biyun tana nuna yadda tantanin ke shanye bugu, kamar bambancin katifa da katako. A lafiyayyen ido adadin yana wajen 10 zuwa 11, kuma an sha ganin cewa masu ƙasa da haka sosai ciwonsu ya fi saurin ci gaba ko da awonsu yana da kyau. Corvis ST ta kamfanin Oculus na Jamus tana ɗaukar hoton lotsawar da kyamara mai ɗaukar hoto sama da 4,000 a daƙiƙa guda, ta fitar da gyararren awo. Akwai kuma Pascal ta Suwizalan, wadda kanta ya lanƙwasa daidai da siffar tantanin, ta zauna a kansa ba tare da ta baje shi ba. In asibitin Baba suna da ta farkon, zan so a yi masa. In babu, ba zan sa ku doguwar tafiya dominta ba, auna kauri ya ba da mafi yawan abin da ake nema.

Inda nake zargin matsalar Baba take shi ne lokaci. Matsin ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. A lafiyayyen mutum yana hawa da sauka da maki uku zuwa shida a yini, a mai gulukoma yana iya wuce goma. In mutum ya kwanta yana ƙaruwa, saboda jijiyoyin jinin da ruwan ke zuba a cikinsu suna cika in kai ya daidaita da zuciya. Wanda ke kwanciya ta gefe ɗaya, idon da ke ƙasa ya fi ɗaukar matsi, balle in yana danne shi da matashi ko hannu. A mutane da yawa ƙololuwar tana zuwa ne a ƙarshen dare ko da sassafe. Yanzu duba yadda ake auna Baba: sau uku ko huɗu a shekara, yana zaune, da hantsi, awa ɗaya ko biyu bayan ya ɗiga maganin safe, lokacin da maganin ke kan ganiyar aikinsa. In aka tara daƙiƙun da aka auna shi a shekara uku ba za su cika minti biyar ba. Kamar mai son sanin zafin rana ne da kullum sai da sanyin safiya yake leƙowa waje. A binciken da aka kwantar da marasa lafiya aka yi ta auna su dare da rana, sama da rabinsu ƙololuwar matsinsu ta faɗo ne a wajen lokacin da asibiti ke ganin mutane.

Magungunan ma ba ɗaya suke da dare ba. Duba kwalaben Baba. Timolol, wanda aka fi bayarwa safe da yamma, yana aiki ne ta rage samar da ruwan, ido kuwa da kansa yana rage samarwa da kusan rabi in ana barci, don haka tasirinsa da dare kaɗan ne. Latanoprost da danginsa, waɗanda ake ɗigawa sau ɗaya lokacin kwanciya, hanyar fita suke buɗewa, kuma suna aiki dare da rana. In akwai wanda Baba ya fi mantawa da shi saboda barci ya ɗauke shi, kuma ya zama na daren ne, to kin ga an bar ƙofa a buɗe a lokacin da ɓarawo ke zuwa.

Hanya mafi sauƙi ta kama wannan ba ta buƙatar sabuwar na'ura: a ajiye shi a asibiti yini guda, a riƙa auna shi duk bayan awa biyu daga buɗewa zuwa tashi, da na'ura ɗaya, in da hali hannu ɗaya. Wasu likitocin suna ƙarawa da awo yana kwance. Wasu suna yin gwajin shan ruwa, a ba mutum kusan lita ɗaya ya shanye cikin minti biyar, a auna shi duk bayan minti goma sha biyar, a ga yadda rariyar ke jure ambaliya. Wannan a asibiti kawai ake yi, kuma ba a yi wa mai ciwon zuciya ko ƙoda.

Na'urar da yayanki ya gani ina kyautata zaton iCare ce ko mai kwaikwayonta. Wani likita ɗan Finlan, Antti Kontiola, shi ya ƙirƙiro dabarar, ta shiga kasuwa a 2003. Wani ɗan tsinke ne mara nauyi mai ɗan dunƙulen roba a kai, na'urar ta harba shi a hankali ya taɓa tantanin ya dawo. In ido ya yi tauri yana dawowa da sauri, in da taushi a hankali. Sau shida take yi ta fitar da matsakaici, kuma taɓawar ba ta kai a ji zafi ba, shi ya sa ba a ɗiga maganin kashe zafi, shi ya sa kuma ta zama abin so wajen auna yara. Samfurin gida, iCare HOME, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017, wanda ya biyo bayansa kuma yana iya auna mutum yana kwance. Na'ura ce ta gaske, ba yaudara ba, kuma ga mutum irin Baba tana iya amsa tambayar da asibiti ya kasa amsawa.

Amma ga yadda ake cin moriyarta. Likita ne ke koya wa mutum, a gwada awonta da na Goldmann a zama ɗaya don a san tazararsu a wannan idon, sannan a tafi da ita gida na mako guda, a riƙa awo sau huɗu zuwa shida a rana, har da farkawar asuba da lokacin kwanciya, a dawo likita ya duba zanen hawa da saukar. In an canza magani ko an yi aiki a sake wani makon. Aikinta ke nan, na mako ɗaya ko biyu a shekara, shi ya sa wasu asibitocin aro ko haya suke bayarwa. Ita ma kaurin tantani yana ruɗinta. Masu rawar hannu da waɗanda ganinsu ya yi rauni da yawa ba sa iya saita ta, tsinken kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Babban abin da nake tsoro shi ne gida ya koma asibiti ba likita: a ga 12 a ce yau ba sai an ɗiga ba, a ga 23 a ɗiga sau uku, hankalin kowa ya tashi a kan lamba guda da ƙila riƙon na'urar ne bai yi daidai ba. Ba banza ba samfurin farko ba ya nuna wa mara lafiya lambar, sai likita ya sauke ta a kwamfuta. Don haka amsata ga yayanki: kada a saya sai likitan Baba ya ce zai yi aiki da sakamakon. Masu aunawa ta saman fatar ido kuma, awonsu ba ya dacewa da na Goldmann yadda za a gina shawarar aiki a kansa.

Akwai waɗanda suka fi wannan nisa, in faɗa miki don kada a zo muku da su a matsayin abin al'ajabi. Triggerfish ta kamfanin Sensimed na Suwizalan ɗan tabarau ne mai taushi da ake mannawa a kan ido na awa 24, da siririyar waya a cikinsa mai jin yadda ido ke ɗan kumbura da saɓewa. Duk minti biyar tana karatu na daƙiƙa 30, sau 288 ke nan a yini, har cikin barci. Amurka ta amince da ita a 2016. Sai dai ba ta ba da lamba a milimita na zaiba. Lokacin da ido ke hawa take nunawa, ba ta faɗin nawa ya kai. Eyemate ta kamfanin Implandata na Jamus kuwa ɗan zobe ne da ake dasawa cikin ido yayin aikin yanar ido, ba batir, mutum ya kara wata 'yar na'ura kusa da fuska ya karanta matsin daga ciki. Turai ta ba ta izini a 2017. Ita ce ta tsallake matsalar tantani gaba ɗaya, amma sai an buɗe ido, kuma mutane kaɗan ne ke ɗauke da ita. Babu ɗaya cikin biyun da Baba ke buƙata kafin a yanke shawara a kansa.

Kafin duk wannan ma akwai tambayar da ba na'urar da ke amsa ta, sai ke. Kin ce yanzu sai ya ga dama yake ɗigawa. Kafin yanzu fa? An sha sa wa kwalaben magani abin ƙirga buɗewa, aka ga mutane suna ɗigawa ƙasa da yadda suke zato, kuma suna ƙara himma in ranar asibiti ta matso. Irin wannan ba ya sa awo ya yi muni, jijiya ce ke biya. Ki tsaya ki kalli Baba yana ɗigawa ba tare da kin gyara masa ba. Za ki iya tarar da ɗigon yana sauka a kumatu ko a gashin ido. Ɗigo ɗaya ya isa, a ja fatar ƙasa ya faɗa cikin aljihun, a rufe ido, a danne kusurwar da ke jikin hanci na minti biyu, a bar minti biyar tsakanin magani da magani. Ki rubuta ranar da aka buɗe kwalba. In ta daɗe fiye da ƙima ba ta ƙare ba, kin samu amsa. Ki kuma tattara duk abin da yake sha ko shafawa ko shaƙa ki kai wa likita. Magungunan sitiroyid, irin su dexamethasone da ake ɗigawa don ƙaiƙayin ido, suna ɗaga matsi sosai a wasu mutane. In yana shan maganin hawan jini da dare, ko yana minshari mai yankewar numfashi, ki faɗa, don jinin da ke kaiwa ga jijiya yana iya ƙaranci cikin barci. Kada dai a canza lokacin shan komai sai da likitan da ya rubuta.

Gwajin danna maɓallin shi ma ba a yanke hukunci da guda ɗaya. Gajiya, gyangyaɗi, ko yanar ido da ta fara suna iya ɓata shi. Ki roƙi a maimaita, a haɗa da hoton jijiya na OCT, a jera na bana kusa da na bara da na bara waccan. In duka sun nuna hanya ɗaya, to magana ta tabbata, kuma ko me sabuwar na'ura za ta ce, amsar ɗaya ce: a ƙara sauko da matsin. Ana iya yi da canjin magani, ko da hasken leza a kan rariyar, wanda wani bincike na Birtaniya kan mutum 718 ya nuna a 2019 cewa kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da shi ba su buƙaci ɗigawa ba har shekara uku, ko da yake waɗancan sababbin kamu ne, ba masu magani biyu irin Baba ba. Ko kuma aikin buɗe wa ruwan sabuwar hanya, wanda bayan rage matsin yana kwantar da hawa da saukar dare. Ki gaya wa Baba tun yanzu cewa aikin ba ya dawo da abin da ya tafi, abin da ya rage yake tsarewa, don kada ya sake jin an yaudare shi. In kuwa wata rana ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, da amai ko ganin bakan gizo kewaye da fitila, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Game da tuhumar da ake yi miki, ba ki yi sakaci ba. Zuwan da kike kai shi ne ya sa aka gano raguwar tun ana iya yin wani abu. Kada ki ja da Baba a kan magani, dattijo ba ya son 'yarsa ta zame masa malama. Ki roƙi likita ya juyo masa takardun gwajin ya ga baƙin tabon da idonsa, gani ya kori ji. Ki kuma ja yayanki zuwa wannan zaman, ya yi tambayarsa ta na'ura a gaban mai amsa ta. Kuɗin da ya ware sun fi amfani a tabbatar magani bai taɓa yankewa ba, a kuma yi hoton jijiyar.

Ke da yayanki kuma, gemun Baba ya kama wuta, sai ku shafa wa naku ruwa. Binciken Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna 'ya'ya da 'yan uwan mai gulukoma sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa kusan ninki tara, ciwon kuma ba ya zafi, ba ya taɓa tsakiyar gani sai ya yi nisa. Busar iskar wurin tabarau ba ta isa ta wanke ku ba, sai an leƙa jijiyar. In kin je neman rana ta gaba, ki nemi sa'ar da ba a taɓa auna Baba a cikinta ba, farkon buɗewa ko dab da tashi, kuma ki yanki kati uku.